Albasar kwaɗina ta ƙi yin fure, ga tsutsa na cinye ta, ku ba ni shawara

Maman Zulai, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, raina ne a ɓace. Haya muke yi a unguwar Aboabo a Kumasi, gidan yawa, tsakar gida duk siminti, sai wani ɗan lungu bayan ɗakinmu da ƙasa ta rage. Bara waccan 'yata ta je dajin Bobiri da 'yan makarantarsu, can kusa da Kubease a hanyar Accra, inda ake zuwa kallon malam-buɗe-littafi. Tun da ta dawo ba ta da wani zance. Ta ce, Mama, me ya sa mu a gidanmu ba ma ganin komai sai ƙuda da sauro? Maganar ta tsaya mini a rai. Kumasi da ake wa kirari da birnin lambu, amma sai an sa yarinya a mota kafin ta ga abin da mu muka tashi muna kora a ƙofar gida. Babansu direban babbar mota ne, Tamale da Bawku yake zuwa, ba ya zama, kuma da farko bai yarda ba, ya ce gidan haya ba wurin shuka ba ne. Mun yi ta ja-in-ja har sai da yayarsa ta sa baki. Daga baya shi da kansa ya kawo mini kan albasar kwaɗi biyu, ya ce a bakin wani rafi ya haƙo. Kowa ya ce ba ta mutuwa, rani da hunturu ba sa yi mata komai. Na shuka. Ganye kam ma sha Allah, amma damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ko alamar fure babu. Yanzu kuma wata baƙar tsutsa mai ɗigo-ɗigon fari ta shige cikin ganyen. In na ɗaga shi a rana ina ganin ta tana tafiya a ciki, sai ganyen ya yi ruwa ya kwanta yana wari. Ba na son fesa maganin kasuwa. Mai gidan da muke haya kuma ya fara zancen maciji. Yaya zan yi?

Baba Mai Lambu, Asokore Mampong:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kin ba mu labarin mijinki da yayarsa, amma ba ki faɗi zurfin ramin ba, ba ki faɗi ko rana tana kaiwa lungun ba. To bari in gaya miki. Abin da muke kira albasar kwaɗi, masana suna ce masa Crinum, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta kurmi, Crinum jagus, furenta fari tas, tana son bakin ruwa kuma tana jure inuwa. Akwai ta arewa, Crinum ornatum, fari mai jan layi a tsakiyar kowane ganyen fure, ita rana take so, ta kwanta da rani ta farka da ruwan farko. Tunda a hanyar arewa aka haƙo, ta biyun ce a hannunki, kuma kin sa ta a inuwar katanga. Ga dalilin rashin fure. Tsutsar kuma na san ta sarai. Daga ganye take farawa, ta gangara har cikin kan albasar ta rarake shi. Ki haƙe ta yau ɗin nan, ki yanke duk inda ya ruɓe, ki shafa toka, ki bar ta ta sha iska a inuwa, sannan ki mayar a inda take samun rana aƙalla rabin yini, wuyanta a waje.

Hajiya ta Sawaba:
Baba, da girmanka, amma ban yarda a haƙe ba. Wannan shuka ba ta son a taɓa saiwarta. In aka ɗaga ta takan yi shekara ɗaya ko biyu tana fushi kafin ta yi fure, to an riga an ɗaga ta sau ɗaya daga rafi, yanzu a sake? Ki tsince tsutsar da hannu da sassafe, ki yanke ganyen da ta shiga ki ƙone. Ni tawa sai da ta dawo daidai, akuyar maƙwabta ta shigo ta tattake ta, ta cinye mini zogale da ɗoɗɗoya. Na yi magana aka ce na fiye fitina. A unguwar nan mutum zai sayi akuya ya sake ta, jama'a su ciyar masa, ranar Sallah ya sayar ya sa kuɗi a aljihu. Na kai ƙara wajen manya, har yau shiru.

Abu Tela:
Yaya, ni ba tsutsar ce ta dame ni ba. Kin san mutanenmu da yawa gadali suke kiran irin wannan, kuma kin san abin da ake cewa a kan mai shuka gadali a bayan ɗaki. Anya maciji ne ainihin damuwar mai gidanku? Innata haka aka yi mata a Asawase, wata ta haihu yaron bai zo da rai ba, aka ce shukarta ce. Tsohuwa ta tashi daga gidan da ta yi rabin rayuwarta tana kuka. Allah ya isa.

Maman Zulai:
Subhanallahi. Ni ban shuka don wani asiri ba, Allah shi ne shaidata, kowa a gidan ya san don yarinya na yi. Baba, rami kuwa ban zurfafa ba, kamar tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu. Kuma lungun yana samun rana da la'asar. Ba ni da wani wuri, tsakar gida ta kowa ce, nan ake shanya, nan ake daka fufu.

Baba Mai Lambu:
Tsawon hannu! Ai kin binne ta ne. Ranar la'asar kuma ba ta isa ba. Sannan Aboabo ƙasa ce mai riƙe ruwa, kowa ya san yadda unguwar take zama a watan Yuni. Kan albasa da tsutsa ta huda, ruwa ya kwanta a kansa, ruɓewa zai yi. In babu fili ki sami babban baho ki huda ƙasansa, ki haɗa ƙasa da yashi da busasshen kashin kaji. Wani abu kuma da ba wanda ya gaya miki: ko ta yi fure, ba za ta kawo miki irin abin da yarinyar ta gani a Bobiri ba. Furen nan da yamma yake buɗewa ya yi ƙamshi, maƙogwaronsa dogo ne, mai shan zumarsa shi ne babban malam-buɗe-littafi na dare mai dogon baki. In na rana kike so, lemun tsami za ki shuka. Akwai wani babba, baƙi mai ɗigon rawaya, a ganyen lemu yake yin ƙwai. Ɗoɗɗoya kuma in kin bar ta ta yi fure, ƙudan zuma ba sa barin ta.

Malama Nas:
Ba wanda ya taɓo wannan: kan shukar yana da guba, yana sa amai da gudawa, kuma kamarsa ɗaya da albasar miya a idon yaro. Gidan yawa ne, akwai ƙanana. In za ki haƙe, kada ki bar shi a fili yana shan iska kamar yadda Baba ya ce.

Ɗan Sabon Zango:
Ki daka ganyen dalbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace ki fesa. Amma tsutsar ma ai halitta ce, ita ce take zama mai fukafukin. Kin ce kina son halittu su zo, ga su sun zo.

Baba Mai Lambu:
Yaro, tsutsar da ke cikin ganye ruwan dalbejiya ba ya kai mata. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya daina ba da shawara.

Maman Zulai:
Na gode duka. Amma gaskiya ba zan haƙe ba, Hajiya ta fi kusa da abin da zuciyata ta kwanta da shi. Baho kuma in na sa a tsakar gida, rigima zan jawo wa kaina. Lemun tsami a gidan haya, wa zai bar ni? Kuma ni ban ga laifin lungun ba, ganyen ai ya yi kyau kafin tsutsar ta zo. Yara ba sa zuwa wurin, na kare da tsohon kwano. Tsutsar dai nake tambaya, in na tsince ta yau gobe wata ta fito, sai yaushe za ta ƙare? Babansu zai dawo ranar Alhamis, ban san abin da zan ce masa ba.

Hajiya ta Sawaba:
Ki ci gaba da tsincewa. Ita akuyar jiya ma ta sake shigowa.