Ledar furotin mai man kanumfari za ta kori ledar roba? Muhawara

Malam Nasiru: Jama'a, ga magana. Ledar da ake yi da furotin, a zuba mata man kanumfari ko na kirfa da aka farfasa zuwa ɗigo 'yan mitsi-mitsi, ni a ganina ta kai ta maye gurbin ledar roba wajen ƙunshe abinci. Tana tare iskar oksijin fiye da polietilin (robar da ake yin ledar kasuwa da ita), man yana kashe ƙwayoyin cuta, idan an yar da ita kuma ta ruɓe. Me ya rage?

Dakta Hauwa: Ruwa ne ya rage, Malam. Furotin da ruwa abokai ne. Tururin ruwa yana ratsa ledar furotin ruwan cuku sau ɗaruruwa fiye da yadda yake ratsa polietilin. Tare oksijin ɗin ma a busasshiyar iska yake aiki. Da laima ta yi yawa, gilisarin da ake zubawa don tausasa ledar zai ja ruwa, sarƙoƙin furotin su saki, iska ta wuce abinta.

Injiniya Bashir: Bari a fara sanin yadda ake haɗa ta, don gardamar ta tsaya a kan abu guda. Furotin ruwan cuku giram 8 zuwa 10 a cikin giram 100 na haɗin, a daidaita pH, wato ma'aunin tsami, a 7, nesa da wajen 5 inda furotin ɗin ke dunƙulewa. A dafa a digiri 90 na minti 30. Dahuwar ce ke warware furotin har mahaɗan salfa su kama juna. Wanda ya tsallake ta zai samu leda mai narkewa da ta taɓa ruwa. A huce, a zuba gilisarin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyin furotin. Man kuma daban ake shirya shi: mai kashi 5, Tween 80 (sinadarin da ke haɗa mai da ruwa) kusan haka, sauran ruwa, a kaɗa a juyi 10,000 a minti ɗaya, sannan a bi da na'urar girgiza ta sauti mai kilohaz 20, kwalbar tana zaune cikin ƙanƙara. Ana neman ɗigo ƙasa da nanomita 200 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya). Sai ruwan furotin ya huce ake haɗa su, in ba haka ba man ya bi iska. A zuƙe kumfa, a zuba a faranti, ya bushe a digiri 25 da laima kashi 50, kwana ɗaya zuwa biyu. Kumfa ɗaya da aka bari, huda ce a jikin ledar.

Malam Nasiru: To ai ka ba Dakta amsa ke nan. Mai ba ya son ruwa. Ɗigon da suka bazu a ciki suna tilasta wa tururi ya yi kewaye kafin ya fita.

Dakta Hauwa: Yana ragewa, ban musa ba, amma ragin bai kai kusa da roba ba. Kuma ka duba abin da ya riƙe ɗigon: Tween 80 mai son ruwa ne sosai. Ƙanƙantar ɗigo tana buƙatar ƙarinsa, shi kuma yana cinye ribar da man ya kawo. Sannan man kanumfari ba kakin zuma ba ne. Yujinol, sinadarin da ya fi yawa a cikinsa, yana ɗan narkewa a ruwa, yana kuma shiga tsakanin sarƙoƙin furotin ya sassauta su. Shi ya sa sau da yawa idan aka ƙara mai, ledar takan fi miƙewa amma ta fi saurin yagewa.

Malama Zainab: Wannan ɗan narkewar da Dakta ta ambata tana da wata illa tun kafin a zuba haɗin a faranti. Mai yana fita daga ƙananan ɗigo, ya bi ta ruwa ya koma cikin manya, abin da ake kira nunar Ostwald. Yau ka auna ɗigo ƙanana, bayan 'yan kwanaki sun girma, mai ya taso sama. Maganinsa a cakuɗa man ƙamshin da man da ba ya narkewa ko kaɗan, kamar man masara. Sai dai man masarar yana riƙe yujinol ɗin, ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta ya ragu. Man kirfa kuwa nasa daban: sinadarinsa na aldehaid yana kama amino na furotin. Ledar ta ƙara ƙarfi, ta yi rawaya, amma wanda ya kamu ba zai ƙara fita ya yi aiki a kan abinci ba.

Malam Nasiru: Malama, sakamakon ɗakin gwaji fa? Ana ɗora guntun ledar a farantin rainon bakteriya, kewayensa ya fito fes.

Malama Zainab: Farantin raino ba nama ba ne. A kan nama, kitse da furotin suna shanye man, sai an ninka adadinsa kafin ya yi abin da ya yi a faranti. Bakteriyar Pseudomonas, wadda ke ɓata ɗanyen nama a firiji, tana cikin masu taurin kai ga irin waɗannan mayuka. Kafin ka kai adadin da zai karya ta, naman ya koma kanumfari zalla a baki. Wa zai saya?

Injiniya Bashir: A nan kam zan ɗan tsaya wa Malam Nasiru. Ku bar ɗanyen nama. Ku ɗauki busasshen abinci mai maiƙo: kilishi, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa. Abin da ke ɓata su oksijin ne da ke sa mai ya yi wari, sai fumfuna idan sun sha laima. Yujinol yana rage lalacewar mai, tururinsa yana hana fumfuna, kanumfari kuma dama yana cikin kayan yajin kilishi, don haka ɗanɗano ba matsala ba ne. Ba dole ma sai furotin madara ba. Kafirin, furotin dawa, ya fi na masara ƙin ruwa; Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu ta daɗe tana aiki a kansa. Ana narka shi a itanol kashi 70 mai zafi.

Dakta Hauwa: A matsayin shafi na ciki, na yarda, Injiniya. Amma dole a samu wani abu a waje da zai tare laima, kuma yawanci roba ce. Da hunturu ledar furotin za ta bushe ta tsage, da damina ta yi danƙo. Zubawa a faranti ma aikin ɗakin gwaji ne. Masana'anta da injin matsa take fitar da leda, a zafin da ya haura digiri 100, inda man ƙamshi ke bin iska.

Malama Zainab: A ƙara da lakabi. Jelatin ma furotin ne da ake yin irin wannan leda da shi, amma na kasuwa da yawa daga fatar alade yake, sai a nemi na kifi ko na shanun da aka yanka bisa ƙa'ida. Madara, waken suya, alkama da kifi duk suna cikin abincin da jikin wasu ba ya karɓa, dole a rubuta. Mai son kai kaya Tarayyar Turai kuma zai bi doka mai lamba 450 ta 2009 a kan kayan ƙunshi masu sakin sinadari cikin abinci.

Malam Nasiru: Robar wajen ana iya musanya ta da takarda mai kaki. Ban janye ba tukuna.

Dakta Hauwa: To a gwada ta, Malam. A auna yujinol da ya rage bayan busarwa, a ajiye kilishin a digiri 30 da laima kashi 75, a riƙa auna lalacewar mai da ƙidayar fumfuna, a gefe kuma ga wanda ke cikin ledar roba da wanda ke cikin ledar furotin maras mai. Ka duba bakin ƙunshin ma: takarda mai kaki ta naɗewa take tsagewa.