Neman kalma: me za mu kira "silinda hed" na injin jirgin ruwan gudu?

Mai Fassara:
Salamu alaikum, iyayen gidan sana'a. Ana shirya bayani da Hausa a kan haɗa injin Chevrolet 454, irin wanda kamfanin MerCruiser ya riƙa ɗora wa jiragen ruwan gudu a Amurka, sai aka cije a kan abin da Bature ke kira silinda hed, dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗaurewa a saman bulo, mai ɗauke da bawul da filogi. Kalmomi uku ke gabana: murfin silinda, kan silinda, da top silinda da ake faɗa a gareji. Wacce ta fi? Hanyoyin iskar da ke cikinsa fa, da ramin da mai ke ƙonewa, me za a ce musu?

Oga Makaniki:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara cire murfi daga lissafi. A gareji in ka ce wa yaro ya kwance murfi, farantin da ya rufe bawul zai kwance, ba zai taɓa wannan ba. Kuma murfi rufewa kawai yake yi. Wannan kuwa ta cikinsa inji ke shaƙa, ta cikinsa yake fitar da hayaƙi, a ƙarƙashinsa wuta ke tashi. Top silinda muke cewa, mai sayar da kayan gyara ma ita ya sani.

Ɗan Maraɗi:
Mu a Nijar kulas muke cewa, daga Faransanci, kuma top silinda ba ta ƙetare iyaka ba. In rubutun na kowa da kowa ne, a ba mu kalmar da ba ta jingina da Turanci ko Faransanci ba.

Malamin Hausa:
Maganar ɗan'uwanmu na Maraɗi ita ce hujjar kan silinda. Jam'inta ba ya wahala, kawunan silinda, kuma injin V8 biyu gare shi, hagu da dama, don haka dole a buƙaci jam'i. Aibinta guda ne: "kan" na iya zama wuri, kamar a ce an ɗora abu a kan silinda. Maganinsa a kawo cikakken sunan a farkon bayani, daga nan a ci gaba da "kan" ko "kawunan". Hanyoyin iska kuma ina ganin maƙogwaro ya dace, tunda an riga an ce kai: maƙogwaron shaƙa da maƙogwaron hayaƙi. Amma masu sana'a su gwada kalmar a cikin aiki tukuna, mu ji ko tana ɗaukar nauyi.

Injiniya:
To bari a gwada, Malam. Abu na farko ga mai zaɓen kawuna shi ne injin jirgin ruwa ba ya hutawa. Ba giya da zai canza, ba gangara, tamkar tirela ce da lodin siminti a kan tudun da ba ya ƙarewa. Daga tashi har tsayawa farfela na danne da shi. 454 na kamfani iyakarsa juyi 4,200 zuwa 4,600 a minti, samfurinsa mai ƙarin ƙarfi da ake kira Magnum kuma 4,600 zuwa 5,000. Saboda haka kawunan da aka ƙera wa motar tsere mai juyi 7,000 ba namu ba ne, komai kyansu.

Maƙogwaron shaƙa na wannan inji iri biyu ne sanannu. Akwai mai siffar ƙwai, wanda cikinsa ke ɗaukar sisi (cc, awon girman ciki) 250 zuwa 270 a kawunan kamfani irin su masu lamba 781 da 049, da bawul ɗin shaƙa mai faɗin inci 2.06, na hayaƙi 1.72. Akwai mai kusurwa huɗu, sisi 315 zuwa 325, bawul 2.19 da 1.88. Mutane na ruɗuwa da babban. Amma in maƙogwaro ya fi ƙarfin injin, iska na tafiya a sanyaye a ƙananan juyi, man ya rabu da iskar ya kwanta a bango, silinda ba ta cika. Abin da za a gani a ruwa shi ne jirgi ya ɗaga hanci sama yana ta nishi, ya daɗe bai miƙe ya kwanta a saman ruwa ba. Ga 454 da ba zai wuce juyi 5,200 ba, mai siffar ƙwai ya fi, sisi 265 zuwa 290 irin waɗanda kamfanin AFR ke yi. Mai kusurwa huɗu na sisi 305 zuwa 325 sai an kai inji mafi girma, 502 ko 540, ko an sa abin hura iska.

Kalmar ta zauna a bakina. "Maƙogwaro ya yi wa injin yawa" magana ce da kowane makaniki zai gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Oga Makaniki:
Na yarda da maƙogwaro. Ramin ƙonewa fa, kar a ce ɗaki. Wanda ya kifa kan a benci ya san ba ɗaki ba ne, loɓawa ce wadda ba ta fi tafin hannu ba, fuskokin bawul biyu a ciki da bakin filogi a gefe. Kwarmi ne, a ce kwarmin ƙuna.

Girmansa kuma shi ke yanke matsi, wato ninki nawa fistin ke matse iska da mai kafin wuta ta tashi. Kowace silinda ta 454 tana ɗaukar sisi 930. Kwarmi mai sisi 119, a ƙara kamar 10 na gasket da 5 na tazarar fistin da saman bulo, ya zama 134. A haɗa 930 da 134 a raba da 134, matsi ya tsaya wajen 7.9 da fistin mai shafaffen kai. Ya yi kaɗan. In aka sa fistin mai tozo na sisi 20, ya haura 9.1. In kuma kwarmin 110 ne da shafaffen fistin, 8.4. Don haka kawuna da fistin tare ake zaɓensu, ba a sayi ɗaya a zo ana neman ɗaya ba. Da kan ƙarfe a tsaya wajen 9, da na alminiyam ana iya kusantar 9.5 ko ɗan sama, don yana saurin zubar da zafi. Wanda ya zarce haka da man gidan mai, injin zai riƙa ƙwanƙwasa a ƙarƙashin lodi, kuma ƙarar salansa da ruwa ba za su bari a ji ba sai fistin ya fashe ta gefen ringi.

Ɗan Maraɗi:
Kwarmin ƙuna ya yi. Oga, tunda ka ambaci alminiyam, wanne za a ce mutum ya saya?

Injiniya:
Ruwan da jirgin ke shiga ne zai amsa. Yawancin waɗannan injuna ba su da lagireto, ruwan tafki ko na teku suke zuƙa ya zaga cikinsu ya fita ta salansa. Kawunan alminiyam na rage wa bayan jirgi kusan kilo 30, kuma in sun tsage ana iya walda. Amma alminiyam a jikin bulon ƙarfe, ga ruwan gishiri a tsakani, batir ke nan aka haɗa, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Yana farawa daga bakin ramukan ruwa, ya ci har ƙarƙashin gasket, ruwa ya sami hanyar silinda. A ruwan daɗi ba laifi, musamman waɗanda aka yi wa rufin kariya a hanyoyin ruwa, kamar na jirgi da kamfanin Edelbrock ke yi. A ruwan gishiri kuwa, ko dai a sa rufaffen tsarin sanyaya wanda ruwan inji ke zagaye shi kaɗai, na teku ya tsaya a tukunyar musayar zafi, ko a haƙura da kan ƙarfe. Ni a ganina wanda ba zai kashe kuɗin rufaffen tsari ba, kar ya taɓa alminiyam.

Sai bawul ɗin hayaƙi. Nan ne ba a tsumulmula. Awa guda a juyi 4,500 na sa shi yin ja, in ɗigon ruwa ya taɓa shi daga salansa, na ƙarfe mara tsatsa na iya lanƙwashewa ko kansa ya guntule ya faɗa kan fistin. Na Inconel ake sawa, wani haɗin ƙarfe mai jure zafi sosai. Ruwan kuma yana dawowa ne in kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ya bar bawul biyu a buɗe tare na tsawon lokaci, injin ya zuƙo shi baya a sulo. Shi ya sa ake neman kamshaf mai ratar digiri 112 zuwa 114 tsakanin tozon shaƙa da na hayaƙi.

Malamin Hausa:
Ga abin da na tsinta, a gyara mini: kan silinda, jam'i kawunan silinda, a ambaci top silinda da kulas sau ɗaya a farko don mai zuwa kasuwa, maƙogwaron shaƙa da na hayaƙi, kwarmin ƙuna. Murfi ya koma wa farantin bawul.

Mai Fassara:
Na ɗauka haka, Allah ya ƙara basira. Saura bututun da sandar bawul ke kai da komo a ciki.

Oga Makaniki:
Gaid muke cewa, amma kuben bawul zai yi, sanda ce a cikin kube. A rubuta har da awonsa, don nan ake yawan asara. Ruwan tafki na riƙe kan da sanyi, tamostat ɗin ma na digiri 60 zuwa 70 ne a ma'aunin Celsius, alhali sandar bawul ta ɗau zafi ta kumbura. Kuben bai buɗe ba, sanda ta cika shi, sai bawul ya maƙale a buɗe fistin ya same shi. A bar wa na hayaƙi rata wajen inci 0.002, fiye da na mota, kuma sabon kai ma daga kwali a auna shi.

Kafin a biya kuɗi a duba abu biyu. Bulon da aka fara yi daga 1991 ramukan ruwansa sun bambanta da na tsohon bulon da ake kira Mark IV, tsohon kai a kansa yoyo yake yi sai in an tabbatar kan da gasket ɗin na dukansu ne. Wasu kawunan kasuwa kuma an ɗaga maƙogwaron hayaƙinsu sama da kusan sulusin inci, sai manifol, mai tattara hayaƙi daga kan, ya ƙi haɗuwa da bututun da ya huda bayan jirgi. Wajen ɗauri, kusoshi 16 ne a kowane kai. A tsohon bulo suna shiga cikin ruwa, a shafa wa zarensu abin toshe yoyo, a sa wasa mai tauri in alminiyam ne, a ɗaure daga tsakiya zuwa waje a zagaye uku da sifana mai awo. Kafin ɗaurin ƙarshe a manna yumɓu a kan fistin a juya injin da hannu sau biyu, a yanka yumɓun a auna: kar ya gaza inci 0.080 a bawul ɗin shaƙa, 0.100 a na hayaƙi.