Man da ya zube a ƙasa mai ƙanƙara, ina yake zuwa?

Bakano_Sak: Salam jama'a. Na ga hotunan malalar dizal ɗin nan ta Norilsk, can arewacin Rasha, a 2020, kogi ya koma ja wur. Abin da ya ɗaure min kai, tunda ance ƙasar wajen a daskare take shekara da shekaru ai mai ba zai nutse ba ko? To me ya sa kwashewa ta zama jan aiki?

Dalibi_a_Rasha: Wslm malam. Ba duka take daskare kullum ba, saman nan kamar mita ɗaya zuwa biyu yana narkewa in zafi ya shigo ya zama caɓi, ƙasan ne yake nan kamar siminti. To man in ya sauka ya tarar da ƙanƙara ba hanya sai ya bi gefe yana ta malala har ya faɗa rafi. Haka akayi ranar 29 ga Mayu, tankin tashar wutar kamfanin haƙar ma'adinai na Nornickel ya fashe, wajen tan 21,000 suka fita, mafi yawa kogin Ambarnaya ya nufa. Kamfani yace wai narkewar ƙasa ce ta janyo, hukuma tace a'a harsashin tankin ma ba a yi shi da kyau ba ga sakaci. Kotu ta ci su tarar rubul (kuɗin Rasha) biliyan 146 a 2021, kuma sun biya.

Maman_Ilham: Ƙari akan haka, ƙwayoyin bakteriya da ke cinye mai a cikin ƙasa sanyi yana kashe musu jiki, sai ɗan lokacin zafin nan wata biyu uku suke aiki. Shiyasa ake haƙe ƙasar a tara ta tsibi, a zuba taki a rinƙa hura iska, haka 'yan Ostireliya sukayi a tasharsu ta bincike ta Casey a Antatika. Norilsk kuwa ko titin mota da ya haɗa ta da sauran Rasha babu, kaya sai jirgin ruwa ko na sama.

Injiniya_Zage: Ku ji na Kanada ma. Tsohuwar mahaƙar zinare ta Giant a Yellowknife akwai ƙurar gubar arsenik tan 237,000 a ƙarƙashin ƙasa, da suka ga fito da ita ya fi haɗari sai suka yanke a kafa bututai a daskarar da wajen da gangan.

Bakano_Sak: Ikon Allah! To Injiniya in zafin duniya ya ƙaru fa?

Injiniya_Zage: Shi mutanen garin ma suka tambaya wlh, shiyasa aka yi wa shirin wa'adin shekara 100 kafin nan a nemo wata dabara.