Ina so in ajiye kujerar mataimakin firinsifal in koma aji

Malamin Kemistiri: Assalamu alaikum. Ni mataimakin firinsifal ne ɓangaren mulki a wata sakandaren gwamnati, ina mataki na 14 na albashi. Rajistar WAEC da NECO da sulhun iyaye sun cinye ni, na yi kewar alli. In na rubuta takardar sauka, matakina zai taɓu? Kuma za a bar ni a makarantar ko canja ni za a yi?

Baban Sadiƙu: Wa alaikumus salam. Malam, kujerar da mutane ke kamun ƙafa su samu, kai kake neman sauka? Ka yi istihara tukuna.

Anti Lissafi: Ɗan'uwa, ni na yi, na kuma ɗanɗana. Da kaina na ajiye shugabancin makaranta saboda hawan jini. Wadda na koya wa aiki ita aka naɗa, ta ba ni aji ɗaya na babbar sakandare, yara har kan taga. Wannan ban damu ba. Abin da ya ci min rai shi ne maganar da ta zaga gari, wai cire ni aka yi kan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Har surukata ta kira ni ɗaki tana tambaya ko za a kai ni kotu. Ba wanda zai yarda kai ka sauka don ranka.

Ɗan Zariya: Allah ya saka miki, Anti. Amma alawus ɗin kujerar nawa ne ma? Mu 5,000 ne a wata.

Malam Habu: Wane 5,000? Ni 20,000 nake karɓa.

Ɗan Zariya: Kai ai makarantar kuɗi kake, ka bari ma'aikatan gwamnati su yi magana.

Malam Habu: To malami ba malami ba ne?

Na Gidan Alli: Mu dai a takarda muke ganin alawus ɗin. Malam ka dawo aji, amma ka zo da maganin tari da muryar kwandasta.

Tsohon Sufeto: Mataki yana bin ƙarin girma ne, kujera kuwa naɗi ce. Albashinka ba zai ragu ba. Canjin wuri kuma yana hannun hukumar da ta tura ka.

Anti Lissafi: Baba, kun yi aiki zamanin da ake bin ƙa'ida. Yanzu sai wanda ya san wani.

Baban Sadiƙu: Tunda an zo nan, ina labarin dokar da Buhari ya sa wa hannu a 2022, ta ritayar malamai a shekara 65 ko shekara 40 na aiki? Yayana an sallame shi yana 60, har yau giratuti shiru.

Malamin Kemistiri: Na gode. Amma batun canjin wurin fa?

Na Gidan Alli: Baban Sadiƙu, wace jiha yayan naka yake?