ESP32 yana ta mutuwa yana tashi a kan batir, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar lantarki. Kwana uku ke nan ina fama da wani aiki, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na haɗa na'urar auna danshin ƙasa da ESP32 (ƙaramar kwamfuta mai WiFi a kan ɗan allo), ina so ta yi aiki da batirin 18650 guda ɗaya. Takardar bayanin ESP32 ɗin ta ce wutar da ke shiga kada ta haura bolt 3.6. Shi kuwa batirin idan ya cika caji 4.2 yake kaiwa, shi ya sa ban yi gangancin jona shi kai tsaye a ƙafar 3V3 (mashigar wutar bolt 3.3) ba.

Sai na bi ta ɗaya mashigar wutar, ƙafar VIN, inda AMS1117, mai daidaita wuta na kan allon, yake rage wutar. Yana kunnuwa lafiya, amma da zarar WiFi ya fara tura bayani sai ya ɗauke ya sake tashi. Daga baya na gano AMS1117 yana buƙatar kusan bolt ɗaya sama da abin da zai fitar, ga WiFi da jan wuta ba sani ba sabo. Na ƙara kafasita mai 470µF, abin ya ragu kaɗan, bai daina ba.

Yanzu in sauya AMS1117 ɗin zuwa ME6211 ne, wani mai rage wuta, ko in nemi wanda ke ɗaga wutar yana rage ta? Wani ya ce in koma batirin LiFePO4 mai bolt 3.2 in jona kai tsaye, amma shi ma cajinsa har 3.65 yake kaiwa, kuma na'urar cajina, TP4056, ba tasa ba ce. Wannan ɗan ƙarin a kan 3.6 zai iya lalata ESP32 ɗin? Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka mini.