Neman shawara kan ɗaukar hoton shirwa da shaho a bayan gari

Mai Kiwon Kaji, Samaru:

Assalamu alaikum. Ina zaune a gefen Samaru ta Zariya, daidai inda gidaje suke ƙarewa gonaki su soma, kuma ina ɗan kiwon kaji a bayan gida. Tsaron 'yan tsaki ne ya sa na fara sa wa shirwa ido, amma yau da gobe kallonta ya zame mini abin sha'awa, har na sayi kyamara ta hannu mai gilashin zuƙowa na milimita 300. Damuwata ita ce, duk hoton da na ɗauka tana shawagi sai ta fito baƙi ƙirin, sama kuma fari fat, ba a ganin ido balle zanen gashi. Bayan wannan, akwai wani da yake ɓullowa da yamma a guje yana tarwatsa tantabarun maƙwabcina, yara suna kiransa shaho, ina so in san abin da ake dubawa a rarrabe shi da shirwa daga nesa. Wani abokina ya ce in riƙa ajiye hanjin kaji a kan katanga domin su sauko kusa. Shin wannan dabara ce mai kyau?

Mai Hoto Daga Jos:

Wa alaikumus salam, Malam. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Abin da yake faruwa shi ne, tana auna hasken sararin sama ne, wanda ya cika mafi yawan hoton, sai ta rage haske domin kada saman ya ƙone, tsuntsuwar kuwa ta nutse cikin duhu. Ka nemi maɓallin da yake da alamar ƙari da ragi, ka ƙara haske da mataki ɗaya, wani lokaci har biyu idan sama ta yi fari da hazo. Ka kuma tsaya yadda rana za ta kasance a bayanka, domin idan tana gabanka babu gyaran da zai fitar da launin fiffike.

Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na sakan ga shirwa mai shawagi a hankali, shaho kuwa yana bukatar 1/2000 ko fiye. Ka saita ta yadda za ta riƙa bin abin da yake motsi, ka kama tsuntsun tun yana nesa, ka bi shi da dukan jikinka, ba da hannu kaɗai ba. Milimita 300 ya isa ga tsuntsun da ya saba da mutane. Ni dai na fi son hasken sassafe da na bayan la'asar, domin na tsakar rana yana jefa inuwa mai kauri a ƙarƙashin fukafukai. Lokacin hunturu kuma kada ka kwance gilashin a fili, ƙurar da ta shiga ciki za ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto.

Tsohon Malamin Gona:

Ɗana, bayanin mai hoto ya gamsar, sai dai batun sassafe yana da gyara. Shirwa da ungulu ba sa son kaɗa fiffike a banza; suna jira rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta fara tashi sama, sannan su hau ta suna zagaye. Saboda haka idan shawagi kake nema, da hantsi za ka same shi. Da sassafe a kan bishiya ko turken lantarki za ka tarar da su suna shan rana, kuma a nan ne ma za ka fi samun hoton ido da baki.

Wajen rarrabewa, ka dubi bindi da fiffike. Bindin shirwa dogo ne mai shiga ciki a tsakiya, tana murɗa shi hagu da dama tana gyara tafiya, jikinta ruwan ƙasa, babbar da take hayayyafa a nan kuma bakinta rawaya ne. Akwai 'yar'uwarta mai baƙin baki da take zuwa daga Turai da rani, amma ka yi hattara, domin ƙananan namu ma bakinsu baƙi ne. Shahon da yake bin tantabaru kuwa fukafukansa masu tsini ne, yana kaɗa su da sauri, yana da baƙin zane da ya sauko daga ido zuwa kumatu, kuma a iska yake cafke abincinsa. Irinsa yana son duwatsu masu tsayi kamar Kufena da yake kusa da Zariya, kuma ba ya gina sheƙa, sai ya zauna a kan dutse ko a tsohuwar sheƙar hankaka. Idan ka ga wani ƙarami fari mai baƙar kafaɗa da jan ido ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike a kan gona, ɓera yake fako, kuma manomi ba shi da abokin da ya fi shi.

Maganar hanjin kaji kuwa, ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Kai da kake da 'yan tsaki, idan ka koya wa shirwa cewa akwai nama a katangarka, ranar da ba ta samu ba ta san inda za ta huce, kuma kajin maƙwabta ba za su tsira ba. Daga nan sai wani ya fusata ya sa guba a mushe, ta kashe shirwar, ta haɗa da hankaki da karnuka. Ba ka ma bukatar ajiye musu nama. Ranar da aka yi ruwan farko shinge ya tashi, ko aka sa wa daji wuta bayan girbi fara suna tsalle, za ka ga shirwa sun taru suna kamawa da ƙafa suna ci a iska, ƙasa-ƙasa yadda gilashinka zai wadatar.

Malama Mai Kallon Tsuntsaye, Kano:

Baba ya ambaci ungulu, shi ya sa nake so in ja hankali a kan abu guda. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun nan da muka saba gani a mayanka cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa, kuma cinikin kanta da sauran sassan jikinta domin magani da tsibbu yana cikin manyan dalilai a ƙasarmu. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, tana kwanci kusan kwana 50. Don haka, Malam, idan Allah ya sa ka ga sheƙarta a kan rimi ko maɗaci, ka ɗauki hotonka daga nesa, kada ka faɗi wurin a Facebook, ka kuma kashe alamar wuri a wayarka kafin ka wallafa. Haka ma mujiya, wadda ake jifa saboda camfi alhali ɓeraye take rage mana.

Idan za ka mayanka, ka fara gaida Sarkin Fawa ka yi masa bayani, kuma ka nisanci ɗaga dogon gilashi kusa da bariki ko filin jirgi, domin a yanayin tsaron da ake ciki ba kowa zai yarda tsuntsu kake nema ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da take kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne suke aika abin da suka gani ta waya, saboda haka ka riƙa rubuta rana da wuri da adadin duk abin da ka gani.

Mai Kiwon Kaji, Samaru:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙara hasken kamar yadda aka ce, kuma yau da hantsi zanen ƙarƙashin fiffike ya fito sarai, har ana ganin rawayan baki. Hanjin kaji na fasa. Baba, saura tambaya ɗaya: da wane lokaci na yini ya fi dacewa in je gindin Kufena idan ina so in ga shahon a zaune?