Twelfth Night: har ina ya kamata shigar maza ta Bayola ta kai?

Sabon Shiga:
Salamu alaikum, masana. Tambayata a kan wasan barkwancin nan ce na Shekspiya, Twelfth Night. Bayola ta tsira daga hatsarin jirgin ruwa a gaɓar Iliriya, ta yi shigar maza, ta kira kanta Sizariyo, ta shiga hidimar Osino, mai mulkin Iliriya. In za a sa wasan a dandamali, har ina za a kai ɓad-da-kamar? A liƙa mata gemu, ta kaurara murya? Kuma ya ake yi da Sabastiyan, ɗan'uwan tagwaicinta, tunda samun tagwaye na gaske da wuya?

Uwar Dandamali:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gemu kam a bar shi, wasan da kansa ya hana. A kashi na 1, fitowa ta 4, Osino ya yaba laushin leɓen Sizariyo, ya ce muryarsa siririya ce irin ta budurwa, shi ya sa ma ya zaɓe shi ya kai wa Olibiya, matar da Osino ke so, saƙon soyayya. A kashi na 3 kuma wawan nan Feste addu'a yake masa Allah ya ba shi gemu. In ka liƙa gashi a haɓa, duk waɗannan maganganu sun tashi a banza.

Mutanen cikin wasan ake so a ruɗa, ba 'yan kallo ba. 'Yan kallo sun ga Bayola a matsayin mace tun kashi na 1, fitowa ta 2, kuma dariyarsu da tausayinsu duka daga wannan sanin suke fitowa. Don haka ta yi magana da ƙasan muryarta ta asali, kada ta matse maƙogwaro. Mai tilasta wa murya kauri kafin a kai tsakiyar wasa ta dushe, ga jawabai dogaye suna jiranta. Aikin yana ga tsayuwa: ƙafafu a ɗan ware, nauyi a kan duka biyun, taku mai faɗi, hannu ya daina zuwa gashi ko wuyan riga. In za a ɗaure ƙirji, a ɗinka rigar ciki mai ɗan tauri daidai jikinta. Bandeji mai talewa da aka naɗa zagaye-zagaye yana ƙara matsewa in ana motsi, ya hana haƙarƙari buɗewa, numfashi ya riƙa yankewa a tsakiyar baiti.

Mai Sutura:
Kan tagwaye, Hajiya ta bar mini nawa. Bayola ta faɗa da bakinta a ƙarshen kashi na 3 cewa ɗan'uwanta take kwaikwaya a ɗinki da launi da ado. To kaya iri ɗaya sak, hula iri ɗaya wadda ta rufe gashi, da abu guda mai ɗaukar ido daga nesa, misali jar ɗamara. Bambancin tsawo in bai wuce santimita 4 ko 5 ba, tsinin takalmi ya isa ya gyara. Sai a koya musu ɗabi'a biyu tare, kamar yadda suke gaisuwa da yadda suke dafa takobi. Wasu na ba mutum ɗaya matsayin biyu, amma a kashi na 5 dole su tsaya ido da ido, nan dabarar ke tonuwa.

Tsohon Malami:
Malam Sabon Shiga, akwai abin da ke ƙarƙashin tambayarka. Lokacin da aka yi wasan a zauren Middle Temple a Landan, ranar 2 ga Fabrairu 1602, mata ba sa hawa dandamalin sana'a a Ingila, sai a 1660 suka fara. Yaro ne ke fitowa a Bayola: namiji a shigar mace wadda ta yi shigar namiji, Olibiyar da ke sonsa ita ma yaro ce. Gidan wasa na Globe ya sake gwada haka a 2002 da maza zalla, Mark Rylance ya fito a Olibiya. Ko wacce hanya aka bi, wurare biyu ne ke raba gwani da ɗan koyo.

Na farko fitowar zobe, kashi na 2, fitowa ta 2. Olibiya ta aiko wakilin gidanta Malboliyo ya mayar wa Sizariyo zoben da wai ya bari a wurinta, ya jefar da zoben a ƙasa ya tafi. Bayola ba ta bar wani zobe ba, amma ta rufa wa Olibiya asiri a gabansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ta gane komai nan take. A bar ta ta sunkuya, ta juya zoben a tafin hannu, ta tuno yadda Olibiya ta riƙa kallonta tana sarƙe magana, sannan abin ya faɗo mata cewa Olibiya sonta take, ta ɗago ta dubi 'yan kallo. In ta yi sauri, dariyar ba ta samun wurin fita.

Na biyu shi ne fitowa ta 4 a wannan kashin, kuma a ganina nan zuciyar wasan take. Osino na cika baki cewa mace ba ta iya so kamar namiji. Sai Sizariyo ya kawo labarin wata 'yar mahaifinsa da ta so wani, ba ta taɓa furtawa ba, abin ya ci ta a ciki. Kanta take nufi, shi kuwa bai sani ba. Kada ta yi kuka, kada su taɓa juna. Su zauna kusa, tazarar kamu ɗaya, ita tana kallon gaba. Da Osino ya tambaya ko yarinyar ta mutu, ta ba shi amsar nan mai harshen damo, cewa ita ce duk 'ya'ya mata da maza na gidan mahaifinta, ta yi shiru kaɗan, sannan ta yi maza ta mayar da zancen kan Olibiya. In ba a ga Osino ya saurara da gaske a nan ba, neman aurenta da zai yi a ƙarshe ba zai shiga kan kowa ba.

Uwar Dandamali:
Haka ne, Malam. Ƙari ɗaya: kada a sa mata kayan mata a ƙarshe don a faranta wa 'yan kallo. Kayanta na wurin kyaftin ɗin jirgin, shi kuma yana tsare bisa ƙarar Malboliyo, wanda ya fita a fusace yana alwashin ramuwa. Osino ma da sunan Sizariyo ya ci gaba da kiranta, ya ce sai ya gan ta a wata suturar. A shigar maza take fita tare da shi, Feste ya rage shi kaɗai ya rera waƙarsa.